Yatsun Mai Kushin

Ina tsakiyar yi wa wani direba aski, na gama gefen dama ina shirin komawa hagu, sai na hango ta a madubi. Babbar 'yar Mai Kushin ce, wadda ke koyarwa a firamare. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta yi sallama ba, ba ta kuma shigo ba. Yarinyar da tun tana rarrafe take shigowa shagon nan ta ɗauke mini mataji. Na kashe injin.

"Baba Mai Aski," ta ce, "Baba ya tafi. Ɗazun nan, bayan azahar."

Na yi salati, na nemi benci na zauna. Direban da kansa ya kwance ƙyallen da na ɗaura masa a wuya, ya karkaɗe, ya ce, "Malam, tashi ka je. Hula zan sa." Ban san sanda bakina ya buɗe ba, sai ji na yi ina cewa, "Auduga fa?"

Ta yi wata dariya da hawaye a cikinta. "Tana shago. Umma ta ce kai za a tambaya."

Auduga mage ce. Na san wanda bai san abokina ba zai ce wane irin mutum ne za a gaya masa rasuwar amininsa ya tambayi mage. Amma a watanninsa na ƙarshe, inda Auduga za ta zauna bayansa ya fi ciwon da ke jikinsa damunsa. Don a gane dalili, sai na faɗi ko wane ne shi.

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa, kuma mun tsufa a jikin bangon nan. Shi gyaran kujeru yake yi: ya yage tsohon yadi, ya canza soso, ya ɗaure sifirin da ya saki, ya mayar da kujera kamar jiya aka saye ta. Kowa Mai Kushin yake ce masa. Ni ina ce masa mutumina, shi kuma yana ce mini Almakashi. Matarsa, wadda nake kira Yaya, ta sa masa suna Me-ya-sa, kuma sunan ya dace da shi. Bai yi nisa a makaranta ba, kamar ni, amma ban taɓa ganin mai son sanin dalilin abu irinsa ba. In mai gyaran wuta ya zo, sai ya tsare shi da tambaya har mutumin ya manta abin da ya kawo shi.

Kujera ma karanta ta yake yi. Sai ya rufe ido, ya bi ta da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya ce, "Mai gidan nan gefen hagu yake zama, kuma yana da nauyi. Nan kuma wani yaro ne ke tsalle in ba kowa a ɗaki." Ƙusar da ta ɗan leƙo a ƙarƙashin yadi mai kauri, wadda ido ba ya gani, yatsansa zai tsaya cak a kanta. Na sha ce masa ya buɗe ido kada ya soke kansa. Ya ce ido surutu ne da shi, yana hana hannu ji.

Ɓeraye ne suka kawo magen. Wata shekara suka cinye cikin wata doguwar kujera da aka kawo gyara, ya ji kunyar mai ita ƙwarai, sai ya karɓo 'yan kyanwa biyu wajen mai gidan burodin layinmu. Namijin ruwan ɗorawa ne, ya sa masa Soso. Macen fara ce sol, ya sa mata Auduga.

Ni kuwa tsoron mage nake yi, ba tun yau ba. Ina ƙarami wata ta diro mini a fuska daga saman kabad, tabon yana nan a girata. Mutumina ya san wannan, kuma bai taɓa barin zancen ya huce ba.

"Ƙato da kai, mai riƙe reza a wuyan manya, amma 'yar kyanwa ta hana ka shiga shago."

"Manyan ba sa yakushi."

"Ka tambayi matansu."

Bayan shagunanmu akwai wani fili da ba a gina ba, ciyawa har gwiwa in damina ta zauna, karnuka da awaki suna ratsawa. Nan Soso yake yini. Yakan dawo da kaska a kunne ko a wuya, ta sha jini ta kumbura. Mutumina kuwa yana da dabararsa ta mai kushin. Tina, wannan ruwan mai warin da yake goge gam da shi, shi yake ɗiga wa a auduga ya danna a kan kaskar. Ya ce abin da ya saki gam daga katako ai zai saki kaska daga fata. In ta yi laushi sai ya fincike ta da farce. Mun ɗauka wayo ne, har mahaucin layinmu ya ara ya yi wa karensa.

Wata damina Soso ya daina cin abinci. Ya shige ƙarƙashin teburin yanka yadi ya kwanta, kunnuwansa zafi rau. Muka ce gajiya ce, muzuru ne, ya sha yawo. Da aka kwana biyu numfashinsa ya canza, mutumina ya sa shi a kwando ya kai shi wajen likitar dabbobi. Lokaci ya riga ya ƙure. Washegari Soso ya mutu.

Na ɗauka zai dawo ya zauna shiru. Ya yi shirun, na yini ɗaya. Kashegari ya rufe shago ya koma wajen likitar, ba da mage ba, da tambaya. Wata mata ce 'yar gajera mai tabarau, mai haƙuri, Allah ya saka mata. Ta zaunar da shi, ta ɗora ɗigon jinin Soso da ta ɗiba ranar da aka kai shi a ƙarƙashin madubin nan da suke duba ƙananan abubuwa, ta ce ya leƙa. Da ya dawo, kai tsaye shagona ya faɗo, ina da mutum a kujera.

"Almakashi, yau na ga jini!"

"Wa bai taɓa ganin jini ba?"

"Ba irin wanda kake fitarwa a ƙeyar bayin Allah ba. Cikinsa na gani."

Mutumin da ke kujera ya shafa ƙeyarsa. Mutumina bai ko kula ba. Ya ce ashe jini ba ruwa ba ne zalla, wasu 'yan faifai ne birjik, kamar maɓallan da yake naɗe wa yadi ya dasa a bayan kujera. A cikin wasu kuma akwai ɗigo, wani kamar zobe. Wannan ɗigon abu ne mai rai. Daga yawun kaska yake shiga, ya zauna cikin jinin ya yi ta fasa shi, har mage ta rasa abin da zai riƙe ta.

"Ka gane?" ya ce. "Aikin ɓera ne. Yadi lafiya lau a waje, ciki an cinye."

Sai kuma muryarsa ta sauka. Ya ce ya gaya wa likita zancen tina. Ta ce masa ya daina daga ranar. In aka ƙona kaska ko aka shaƙe ta da wani abu tana manne, tana iya amayar da abin da ke cikinta a jikin dabbar, ga shi kuma mage lasar jikinta take yi, gubar a cikinta za ta ƙare. Ya tambaye ta ko shi ne ya kashe Soso. Ta ce ba wanda zai iya cewa haka, kaskar na iya zuba cutar tun kafin ya gan ta. Ya maimaita mini wannan maganar sau da yawa a ranar, kamar yana gwada ko za ta ɗauki nauyinsa.

Abin da ta koya masa ya riƙe shi gam. A kama kaska da hantsaki daf da fata, a ja ta a miƙe, a hankali, ba murɗawa, ba matse cikinta, har ta fito da kan nata. A riƙa ɗiga wa mage magani a ƙeya kowane wata, wanda aka yi don mage kawai, domin na kare yana iya kashe ta. A kuma riƙa ɗaga leɓenta a duba dasashi: in ja-ja ne mai haske, lafiya, in ya koɗe ya yi fari ko ya yi rawaya, ba a kwana.

Ya ari adda ya sare ciyawar filin nan shi kaɗai, har tafinsa ya yi ƙuraje. Ya sa raga a taga, ya yi wa ƙofa 'yar gajeriyar ƙofa ta ciki. Auduga ta daina fita. Kullum da yamma in ya ajiye guduma, sai ya wanke hannu, ya ɗora ta a cinya, ya rufe ido. Bayan kunnuwa, ƙarƙashin haɓa, wuya, hammata, tsakanin yatsu, gindin wutsiya. Yadda yake bin kujera haka yake bin ta. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kofin shayina, ƙafa ɗaya a waje.

Shi ya sa da Auduga ta kwanta ciwo a shekarar da ta biyo baya, abin ya ɗaure mana kai. Da safe ta shinshina abincinta ta juya. Ya ɗaga leɓenta, dasashin fari fat. Ya laluba, ga kaska a ƙarƙashin haɓa, a kumbure. Ashe da ya ga ba ta fita ko'ina, ya ɗan saki maganin ƙeyar, yana ganin ba amfani. Bai tsaya cewa gajiya ce ba wannan karon. Ya bar kujerar mutane a buɗe, ya ce in duba masa shago, ya fita da kwando yana sauri kamar ba mai ciwon gwiwa ba.

An yi mata allurai, an yi mata ƙarin ruwa, aka haɗo shi da wani magani mai ɗaci da yake ɗura mata da sirinji tana tofar da rabi a rigarsa. Abinci da ƙaramin cokali yake ba ta. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta da ido. Ranar da ta tashi da kanta ta je ta yakushi sabon yadin wani kwastoma, mutumina ya tsaya yana kallonta yana murmushi, bai ko kore ta ba.

Amma likita ta gaya masa wata magana da ta canza komai. Ta ce magen da ta tashi daga wannan ciwon tana iya zama da abin a jininta har ƙarshen rayuwarta, a kwance. In ta galabaita yana iya tasowa. Kuma kaskar da ta cije ta tana iya kwasar sa ta kai wa wata magen. Wato Auduga ba za ta taɓa zama magen titi ba, don kanta da kuma don magen maƙwabta. Dole kullum a samu mai duba ta.

Wannan bai tsorata shi ba a lokacin, yana da ƙarfinsa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne: daga ina kaskar ta zo? Mage ba ta fita, ciyawa an sare, taga da raga.

Ya fara da ni. Ya ce masu zuwa aski ne ke kwaso ta a ƙafar wando, ta bi ramin da wayar wutarmu ta ratsa bango.

"Kaska ce za ta bi waya? Ma'aikaciyar wuta ce?"

"To karkaɗe wandonka mu gani."

Na karkaɗe, don a zauna lafiya. Ya zargi karen mahauci, suka yi cacar baki har mahaucin ya ce in ya ga dama ya zo ya duba shi shi ma. Ya zargi tantabarun da ke sauka a rufi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin ƙofa yana tsugunawa yana dubawa, masu wucewa suna tambayar ko wani abu ya faɗi. Yaya ta ce mini a gida ma ba shi da wata hira sai ta kaska, har ta ce masa in ya ƙara ambatonta a kan abinci zai ci shi kaɗai.

Ran nan da hantsi na ji ana dukan bango da guduma. Na fito da kumfa a hannu. Yana tsugune a gindin wata doguwar kujera da ya kifar, wadda aka kawo tun kafin ciwon Auduga, mai ita ta yi tafiya aka ajiye ta a lungu. A cikin ramin kujerar nan Auduga ta fi son barcin rana. Ya yage baƙin ƙyallen ƙasa, ya haska da fitilar waya a kusurwar da katako ya haɗu da katako.

"Leƙa."

Na leƙa. Wani tarin ƙwai ne ƙanana masu sheƙi, kusa da su kuma wasu 'yan ɗige-ɗige kamar garin barkono. Sai na ga garin barkonon yana tafiya. Na ja da baya. Shi kuwa fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Ni nake kawo su, Almakashi! Ni da kaina nake ɗauko su a kai in shigo da su, in ce wa mai su na gode!"

Ya kwashi wasu a kwalba ya kai wa likita. Ta ce akwai irin kaskar karnuka da ke iya zama cikin gida, ta ɓuya a tsagar bango ko katako ta yi ƙwai. Ta ce ba za ta rantse cewa ita ce ta ba Auduga ciwon ba, don ba kowace kaska ke ɗauke da shi ba, amma dai ya gano wata ƙofa da ya kamata a rufe. Ya kira mai kujerar ya gaya mata. Ta hasala, ta ce yana nufin gidanta ƙazami ne. Ya ce a'a ranki ya daɗe, karnukanki nake ji wa. Bayan kwanaki ta aiko direbanta da godiya, ta ce an duba karnukan an samu.

Daga nan tsarin aikinsa ya canza. Kujera ba ta ƙara shiga shagonsa kai tsaye ba. A waje ake sauke ta, a kan farin tamfol, a cikin rana, ya yage ƙasanta, ya bi kowace kusurwa da buroshi. Kafin ma ya tambayi irin yadin da ake so, sai ya ce, "Akwai kare a gidan?" Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka ɓarayi yake yi wa leƙen asiri. Shekaru suka shige a haka, Auduga ta yi ƙiba, ta zama uwar ɗakin shago.

Ciwon suga ne ya shigo masa a hankali. Ya fara da ƙafa, sai ido ya dushe, sai hannu. Bai gaya wa kowa zancen hannun ba, ina jin shi ma bai gama yarda ba.

Wata yamma ina tsaye a inda na saba. Ya gama bin Auduga, ido a rufe, ya ce, "Lafiya lau." Ni kuwa tun ɗazu idona yana kan bayan kunnenta na hagu. Wanda ya yi shekaru yana aski ya san yadda gashi ke kwanciya, kuma ya san in akwai wani abu a ƙarƙashinsa, ko ƙurji ko tabo, gashin wurin ba ya bin 'yan'uwansa.

"Mutumina, koma bayan kunnen hagu."

Ya koma, ya shafa. "Ba komai."

"Ƙara dai."

Ya buɗe ido, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya buɗa gashin. Tana nan, 'yar ƙarama, ba ta daɗe da kamawa ba. Yatsansa ya bi ta kanta sau biyu bai ji ba. Ya cire ta da ƙyar. Sannan ya zauna yana kallon yatsunsa, yana juya su.

"Sun yi ritaya," ya ce, "ba su ko sanar da ni ba."

Na yi dariya don ya ji daɗi, amma shayin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Daga ranar maganar inda Auduga za ta je ta taso. Gida ba zai yiwu ba, Yaya na da asma, gashin mage yana tayar mata. Gidan mijin babbar 'yar akwai karnuka da lambu. Sauran yaran suna nesa. Maƙwabta kuwa da sun ji an ce tana da abu a jini sai su ja baya, ko da yake likita ta ce ba a san irin wannan yana kama mutum ba. Mahauci, da kyakkyawar niyya, ya ce a kai ta kasuwa a saki, ai mage ba ta kwana da yunwa. Mutumina ya daina amsa gaisuwarsa na ɗan lokaci.

Ni bai taɓa roƙona ba. Ya san tabon girata. Abin da ya yi shi ne ya juyo da tambayoyinsa kaina.

"Almakashi, me ya sa gashi ke tashi a inda kaska take?"

"Ai tana tokare shi ne daga gindi."

"Haba? Nuna mini. Ɗauko dogon matajin nan naka, daga nesa ma ya isa, ni zan riƙe ta."

Haka ya riƙa janyo ni, taku bayan taku. Yau me ya sa gashin wuya ya fi na ciki kauri, gobe ko gashin mage ma yana da inda yake juyawa kamar na tsakiyar kan mutum. Na ce ban sani ba. Ya ce to duba mana. Na duba, ashe akwai, a ƙirji. Ni kaina abin ya ba ni sha'awa. Ranar da na fara taɓa ta da hannu ban ma lura ba, ina neman inda gashin ya rabu ne, sai na ji wani ɗan ruri yana tashi daga cikinta. Na janye hannu da sauri.

"Za ta cije ni."

"Daɗi take ji, wawa. Ba ka ji irin ƙarar injinka ba ce?"

Gaskiyarsa ce, irin ƙarar ce, in an sa masa mai.

Da ciwon ya kwantar da shi a gida, makullin shagon ya dawo hannuna. Abinci da ruwa kawai na ce zan iya. Nakan tura mata kwano da ƙafa, in tsaya in dube ta da ido daga sama. Babbar 'yar takan zo ta riƙe ta in na ce zan taje ta, amma tana da aji da gida, ba kullum ba.

Ana gobe zai rasu, da safe, na shiga na tarar da ita a kan teburin yanka yadi. Ta ɗaga kai tana kallona, sai na ga gashin ƙarƙashin haɓarta ya tashi. Ba kowa a layin sai ni, ita kuma 'yar tana makaranta. Na fita waje, na dawo, na sake fita. Daga ƙarshe na shiga shagona na ɗauko ƙyallen aski. Yadda nake naɗe yaron da aka kawo askin farko yana ihu, haka na naɗe ta, kai kawai a waje. Na danne ta a cinyata ina yi mata surutun da nake yi wa yara, cewa yanzu za a gama, ai ke jaruma ce. Gumi yana ɗiga daga hancina. Na kama daf da fata, na ja a miƙe, a hankali. Kaskar ta fito, na jefa ta a kwalba. Na ɗaga leɓen, dasashi ja-ja mai haske. Da na sake ta, ta ba ni tukwicin yakushi ɗaya a bayan hannu, ta koma ta zauna tana lasar ƙafa.

Yanzu da nake wannan rubutun tana kwance a ƙarshen bencin masu jiran aski, kuma ba mai ce mata ta matsa. Na sa raga a taga, maganin ƙeyarta yana kan teburina kusa da man gashi. Har yau in ta yi tsalle ba zato sai gabana ya faɗi. Kuma har yau ban gano inda kaskar ranar ta fito ba, don an daɗe ba a kawo kujera ba. Ina zargin buhunan tsumman da ke lungu, ban dai gama dubawa ba.

Da la'asar ɗin ranar da na cire kaskar na je gidansa da kwalbar a aljihu. Yaya ta shigar da ni. Yana kwance a kan doguwar kujerar da ya yi da hannunsa shekarar aurensu, an tokare shi da filo. Ya rame, amma da ya ji muryata ya juyo.

"Almakashi. Wa ka yanka yau?"

Na sa masa kwalbar a hannu. Ya kai ta kusa da ido, ya girgiza, ya ce ba ya gani, in gaya masa. Na gaya masa.

"Wa ya riƙe maka ita?"

"Ƙyallen aski."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Yaya ta leƙo ta harare ni. Da ya lafa ya ce, "Kan ya fito?"

"Ya fito duka."

"Dasashi?"

"Lafiya lau."

"To daga ina ta zo?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ka bincika. Kada ka ce daga Allah ne ka zauna, ta wata ƙofa ta shigo."

Na ce zan bincika. Ina kallon hannunsa a kan hannun kujerar, yatsun suna bin ɗinkin a hankali, ko da yake na san ba sa jin komai.

"Zan mayar da ita shagona," na ce. "Na riga na auna taga."

Ya juya fuskarsa wajen bango, ya daɗe a haka. Da ya juyo ya ce, "Masu zuwa aski fa? Da ƙafar wandonsu?"

"Kowa ya zauna zan tambaye shi ko akwai kare a gidan."

"Za su gudu."

"Su gudu da rabin kai."

Ya yi murmushi. Na miƙe zan tafi, na gyara masa filo. Sai ya riƙo bakin rigata.

"Almakashi, me ya sa ka daina tsoronta?"

"Wa ya ce maka na daina?"

"To me ya sa?"

"Kai dai Me-ya-sa, ka huta. Gobe in na rufe shago zan zo in gaya maka."

"To ka rufe da wuri," ya ce. "Ina son in ji."